Bindiga a Gida: Amsoshin Tambayoyin da Magidantan Kano Ke Yawan Yi

Duk lokacin da aka haura gidan wani a unguwa, ko aka ji 'yan bindiga sun taɓa wani ƙauye a iyakar Kano da Katsina, maganar neman bindiga takan taso a majalisa da bakin masallaci. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Mun tattara su a nan domin mai tunanin nema, da wanda ya riga ya mallaka da lasisi, da iyalan da suka gaji bindigar farauta ba su san yadda za su yi da ita ba.

Idan ina da bindiga, ɓarawo zai ji tsoron shigowa gidana?

Sai ɓarawo ya san da abu kafin ya ji tsoronsa. Wanda ya laɓe a lungu ƙarfe biyun dare yana auna tsawon katanga, da hasken ƙofar gida, da ƙarfin ƙyaure, da ko maƙwabta za su fito in an yi ihu. Abin da ke cikin turakarka ba ya ganinsa. To in ka ce bari ka bayyana domin a ji tsoro, ka buɗe wata ƙofar: bindiga kaya ce mai tsada da saurin shiga a hannun miyagu, gidan da aka san tana ciki kuwa ya zama abin nema, musamman da rana lokacin da maigida ke kasuwa.

Ba a musun cewa ɓarayi na shakkar mai makami. A farkon shekarun 1980 wasu masu bincike biyu a Amurka, James Wright da Peter Rossi, sun tattauna da fursunoni fiye da 1,800, da yawansu suka ce suna gudun haɗuwa da mai bindiga. Amma da Philip Cook da Jens Ludwig suka kwatanta yankunan ƙasar a farkon shekarun 2000, sai suka tarar inda bindigogi suka fi yawa a gidaje fasa gida bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Tsoron yana nan, kwaɗayin satar bindigar ya rinjaye shi.

Me manyan bincike suka nuna: yawan bindiga na rage laifi ko ƙara shi?

Mafi yawan binciken a Amurka aka yi, domin can ne bindigogi suka fi yawa. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai kimanin miliyan 393 a hannun farar hula a can, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Ƙiyasinta na Najeriya a wannan shekarar kimanin miliyan 6.2 ne.

A 1997 John Lott da David Mustard suka fitar da bincike cewa jihohin da suka sassauta izinin yawo da bindiga sun samu raguwar manyan laifuka. Maganar ta yi tashe, har yau masu goyon bayan mallaka ita suke kafa hujja da ita. A 2004 wani kwamitin masana na ƙasar ya sake bin alƙaluman, ya ce ba su isa a yanke hukunci da su ba. A 2019 kuma John Donohue da abokan aikinsa, da alƙaluman ƙarin shekaru masu yawa, suka samu cewa bayan shekara 10 da sassautawar, laifukan ta'addi sun haura da kashi 13 zuwa 15 cikin 100 bisa abin da ake tsammani. Ko a kan sau nawa ake kare kai da bindiga a shekara masana sun yi hannun riga: wani bincike na 1995 ya ce sau miliyan 2.5, ƙidayar gwamnati kuwa dubbai ne da ba su kai ko kusa da haka ba.

A ganinmu abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne: babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa yawan bindiga a gidaje na rage laifi, akwai kuma hujja mai ƙarfi cewa yana ƙara mace-mace a cikin gidajen kansu. Duba amsar tambayar haɗari ga iyali.

Ai nan ba Amurka ba ce. A nan ka kira 'yan sanda ba lalle su zo da wuri ba.

Wannan magana ce mai nauyi, ba ma raina ta. Manomin da ke ƙauyen Shanono ko Tsanyawa, mai nisa da jami'an tsaro, halinsa daban da na mazaunin Gwammaja ko Hotoro. Sai dai ko a ƙasashen da suka fi mu fama da kisa, abin da aka gani ya karkata wuri guda. A biranen Kali da Bogota na ƙasar Kolombiya, a shekarun 1990, an riƙa hana yawo da bindiga a ranakun hutu da na zaɓe da ƙarshen makon biyan albashi, kisa ya ragu da kashi 13 zuwa 14 cikin 100 a waɗannan ranaku. Afirka ta Kudu ta tsaurara dokarta a 2000, wani bincike a manyan biranenta biyar ya nuna kisa da bindiga ya riƙa sauka da kusan kashi 14 cikin 100 duk shekara daga 2001 zuwa 2005.

Sannan a dubi irin laifin da ya fi addabar cikin birnin Kano: ƙwacen waya, faɗan daba, haura gida, satar babur. Yawancinsu da wuƙa da adda da gora ake yi, kuma a titi, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Bindigar da ke gida ba ta hana a tare ka a cikin adaidaita sahu. Abin da ya kamata ya fi tayar mana da hankali shi ne ranar da yaran da ke faɗa da wuƙa za su koma yi da bindiga, kuma duk wadda aka sace daga gidan mutumin kirki can take nufa.

Doka ta yarda farar hula ya mallaki bindiga a Najeriya?

Ta yarda, da lasisi kawai, kuma ba kowace iri ba. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ake aiki da ita har yanzu, ta kasa su gida uku. Na farko haramtattu: bindigogin yaƙi irin su AK-47, da masu sarrafa kansu, da fistol da libarba. Waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu na amfanin kai: bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu, da raifil na wasanni, da bindigar iska, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku masu ɗuri ta baki, wato bindigar toka ko harbi-ruga, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne bindigar nan da aka fi sani da fam-akshin. Dokar ta cire duk bindigar farauta mai na'urar sake ɗura harsashi daga rukuni na biyu, kuma a 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya sa ta cikin waɗanda ya ba da umarnin a karɓe.

Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin ta'addi cikin shekara 5 da suka wuce. Lasisi na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya mai lambarta, ana sabunta shi, kuma bai halatta maka ka ara wa ƙaninka ko maigadinka ba. Harsashi ma sai mai lasisi.

Ana ba da lasisin yanzu? Mun ji gwamnoni na cewa kowa ya nemi makami.

An yi irin waɗannan kiraye-kiraye. Aminu Bello Masari ya yi a Katsina a 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta yi a Zamfara a Yunin 2022. A Zamfara nan take 'yan sanda suka ce takunkumin ba da lasisi na nan daram, Babban Hafsan Tsaro Lucky Irabor kuma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. A Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar cewa an dakatar da bayarwa. Jawabin gwamna ba ya zama kariya a gaban alƙali.

Irin wannan umarni yakan canza, don haka ka je hedikwatar 'yan sanda ta Bompai da kanka ka tambaya. Ka yi hattara da dillalin da zai ce ya san wani a Abuja. Takardar bogi da bindiga a hannu laifi biyu ne.

Mene ne hukuncin wanda aka kama da ita ba lasisi?

Haramtacciya, ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Ta rukuni na biyu, har zuwa shekara 5. Dokar Fashi da Makami ta 1984 ma ta tanadi shekara 10 ko tara ko duka biyu ga mallaka ba bisa ƙa'ida ba. "Don kare iyalina na saya" ba ya wanke mutum, haka ma "ajiya aka ba ni".

In ɓarawo ya shigo na harbe shi, doka za ta kama ni?

Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 da sashe na 59 zuwa 67 na Final Kod, wato kundin dokokin laifuka, sun amince da kare kai da dukiya, amma da sharaɗi: kada ƙarfin da ka yi amfani da shi ya wuce abin da ya zama dole, kuma haƙƙin yana ƙarewa da ƙarewar barazanar. Wanda ya shigo da makami yana nufo ka, hukuncinsa daban da yaron da ya ɗauki tukunyar gas ya juya yana haura katanga. Harbi a baya, ko bin mutum har titi, ko harbin wanda aka riga aka kama, nan ne kare kai ke komawa tuhumar kisa. Ko da ka yi daidai, ka sa ran tsarewa da bincike da zaryar kotu.

Masu kafa hujja da addini sukan kawo hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Haka ne. A littattafan nan biyu kuma akwai hadisin Abu Huraira da Annabi (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan ya fizgi hannunsa. Malaman fiƙihu sun shimfiɗa cewa ana tunkuɗe maharin da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi: in tsawa ta isa ba a kai duka, in duka ya isa ba a kai kisa.

Wane haɗari ke cikin ajiye ta ga iyalina?

Ɓarawo kan zo sau ɗaya a shekaru, ko ma kada ya zo. Bindigar kuwa kullum tana gidan, ranar farin ciki da ranar ɓacin rai. Binciken Arthur Kellermann na 1993 a gundumomi uku na Amurka ya samu cewa gidan da ke da bindiga ya ninka wanda ba shi da ita sau 2.7 wajen yiwuwar a kashe wani a ciki, kuma akasari ɗan gida ko makusanci ne ke kisan. An soki binciken a lokacin, amma wani na 2022 da ya bi mutum sama da miliyan 17 a jihar Kalifoniya ya samu abu makamancin haka: masu zama gida ɗaya da mai fistol sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen mutuwa ta hanyar kisa, kuma mata ne mafi yawan waɗanda abin ya shafa.

Hanyoyin sanannu ne. Yaro ya samo ta yana wasa. Rigimar miji da mata, ko ta 'yan uba kan gado, da a da za ta ƙare da zagi. Matashin da damuwa ta yi wa yawa: kusan 9 cikin 10 na masu yunƙurin halaka kansu da bindiga ba sa tashi, alhali da sauran hanyoyi yawanci ana ceto su. Sai kuskuren duhu, wanda gidajenmu suka fi fuskanta, domin gidan Bakano ba ya rabuwa da mai shigowa da dare: ɗan da ya makara ya hauro, ƙanin matar gida da ya sauka ba a faɗa wa maigida ba, almajirin da ke kwana a soro.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma babu wanda ke barin kwalbar fiya-fiya kusa da randar ruwa ya ce ya dogara ga Allah.

Ina da ita da lasisi. Yaya zan ajiye ta?

Abu uku ne, kuma tare suke tafiya: babu harsashi a cikinta, tana kulle, harsashin yana kulle a wani wurin daban. Wani bincike na 2005 a Amurka ya nuna kullewa kaɗai, ko cire harsashi kaɗai, na tafiya da raguwar haɗarin harbin yara da matasa da kusan kashi 70 cikin 100. Doka ma ta ɗora alhakin tsare ta a wuyan mai lasisi.

Kowane lokaci ka dawo da ita, ka juya bakinta ga bangon bulo ko ƙasa mai laushi, yatsa nesa da kunama. Ka karya ta, wato ka buɗe ta ta gindin bututu, ka zare harsashi, ka leƙa ramin da ido, ka sa yatsa ka taɓa. Mai gidan harsashi, ka fara cire gidan sannan ka ja ka fitar da wanda ke ciki. Masu yin akasin haka su ne ke barin guda ɗaya a ɗane ba su sani ba, kuma daga nan galibin "ai na ɗauka babu komai" ke fitowa. Ka ƙirga harsashin da ka fita da shi da wanda ka dawo da shi. Mai baki ɗaya ko biyu tana rabuwa gida uku, sai ka cire katakon gaba ka kulle shi tare da harsashi, wanda ya samu sauran ba zai iya amfani da ita yadda ya kamata ba.

Kada ka dogara da maɓallin tsaro. A yawancin bindigogin farauta kunama kawai yake tarewa, in bindigar ta faɗi da ƙarfi tana iya tashi.

Wane irin akwati ya dace? Sif ɗin ɗaki bai isa ba?

Bai isa ba. Sif na katako da sukundireba ake ɓalle shi. Akwatin ƙarfe ake so, kaurin farantinsa aƙalla milimita 2, in da hali 3, waldar ta zagaye ko'ina ba ɗigo-ɗigo ba. Hinjin ya kasance a ciki, ko a yi wa murfin haƙora ta ɓangaren hinji yadda ko an yanke shi murfin ba zai fita ba. Kulle biyu, sama da ƙasa, domin dogon murfi mai kulle ɗaya a tsakiya ana lanƙwasa kusurwarsa da ƙarfen taya. In kwaɗo za a sa, a yi masa rumfar ƙarfe da za ta hana almakashin ƙarfe kama wuyansa. Mai walda nagari zai iya haɗa wannan, kuma ba sai ka gaya masa abin da za ka zuba ba.

Akwatin da ba a kafe ba, ɗaukarsa za a yi gaba ɗaya. A ɗaure shi da noti huɗu zuwa shida masu kaurin milimita 10, irin masu buɗewa a cikin rami, ta cikin akwatin. Matsalar ginin Kano ita ce bulo mai rami ba ya riƙe irin wannan noti, da an ja sai ya fito da ɓarɓashin siminti. A nemi fila ta kankare, ko a cika ramin bulon da kankare a bar shi ya yi mako guda, ko a kafe a daɓe. A gidajen ƙasa na cikin Badala kuwa bango ba abin dogaro ba ne, sai a haƙa a zuba kankare mai kaurin kamar santimita 15 a dasa notin a ciki. A sa shi a kusurwa, ɓangaren kulle yana jikin bango, don kada ƙarfe ya samu wurin shiga.

A ina zan sa shi, kuma wa zai riƙe makulli?

A ɗakin maigida, inda baƙo da mai gyaran wuta ba sa gani. Ban da soro, ban da kicin, ban da cikin silin inda zafin watan Afrilu ke gasa komai. Makulli a jikin mai lasisi, ba a haɗe da na mota da ake miƙa wa yaro ya wanke ba, ba kuma ƙarƙashin darduma ko saman ƙofa ba. Na biyun a rufe shi a wajen gidan. Mai kullen lamba kada ya sa shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar waya.

Uwargida ta san akwai bindiga a gidan, haƙƙinta ne. Abokan majalisa da direba da 'yan aiki ba su da buƙatar sani. Da ɗan gari akan ci gari.

In tana kulle, harsashi a wani wuri, ina amfaninta in an shigo da dare?

Gaskiya kullewa na cinye lokaci, ba za mu ce ba ya ci ba. Amma mutumin da aka tasa daga barci, cikin duhu, gabansa na faɗuwa, wannan minti ɗaya na buɗe akwati shi ne ke ba shi damar tantance wa ke tsakar gida. Lokacin kuma daga ƙofa ake samo shi: in akwai ƙyauren ƙarfe tsakanin tsakar gida da ɗakunan kwana, mai shigowa sai ya yi ƙara ya ɓata mintoci. A wannan tsakanin ka tara iyali ɗaki ɗaya, ka kira 'yan sintiri da maƙwabta, ka kunna fitilu. Kada ka fita farautarsa a duhu, kada ka yi harbi ta bayan ƙofa ko labule. Harsashi na huda ƙyauren katako da langa-langa, a unguwa mai cunkoso irin Kurna ko Ɗorayi kuwa bayan kowace taga akwai mai barci.

Na ɓoye ta inda yara ba su sani ba, kuma na gargaɗe su. Bai wadatar ba?

Yaro ya fi maigida sanin gidan, domin shi ke wuni a ciki. Saman sif, ƙarƙashin katifa, bayan buhunan hatsi, duk ya leƙa su yana neman wani abu. A wani gwaji da aka buga a 2001, an bar yara maza 'yan shekara 8 zuwa 12 a ɗakin da aka ɓoye fistol marar harsashi. Kusan kashi uku cikin huɗu na rukunonin sun gano ta, a kusan rabin waɗanda suka gano wani ya ja kunama, kuma mafi yawan waɗanda suka taɓa an taɓa yi musu gargaɗi.

A koya musu duk da haka: in ka ga bindiga kada ka taɓa, ka bar wurin, ka faɗa wa babba. Zai amfane su a gidan wasu. A gidanka kulle ne abin dogaro.

Tsatsa da zafi da ƙura fa?

Watan Yuli da Agusta ne lokacin tsatsa. A goge ƙarfen da tsumma mai ɗan man bindiga duk wata, a hunturu kuma a share ƙura kafin a shafa, domin ƙura da mai in suka haɗu suna cin ƙarfe. Kada a yi amfani da baƙin mai ko man girki, suna daskarewa su riƙe ƙusar harbi. Kada a bar ta cikin jakar fata ko soso, suna riƙe laima. A jefa ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi. Bayan shafa mai a jingine ta baki ƙasa, don kada man ya gangara ya jiƙa katakon gindi.

Kafin kowane amfani a leƙa cikin bututun. Zanzaro na son ginin laka a bakin bindigar da aka jingine, kuma toshewa kaɗan ta isa ta fasa bututu a fuskar mai harbi. Haka harsashi mai lamba 20 in ya shiga bindiga mai lamba 12: yakan zarce ya maƙale a gaba, a ɗora wani a bayansa. Kada a haɗa su a jaka ɗaya. Harsashin da ya kumbura ko gindinsa ya yi kore a miƙa wa 'yan sanda, kada a jefa a shara, ana ƙona ta. In an ja kunama bai tashi ba, a bar bakin a inda yake na daƙiƙa 30 kafin a buɗe.

Bindigar toka ta fi wuyar sha'ani, don ba a gane mai ɗuri da ido. A zura sandar ɗuri lokacin da take fanko a yi mata alama daidai baki. Duk ranar da alamar ta tsaya sama, akwai ɗuri a ciki, ko da shekara nawa ta yi a rataye. Kada a shiga gida da ita a ɗure. Albarushi kuma kaɗan ake ajiyewa, a akwatin katako mai kulle, nesa da murhu da janareta da turaren wuta. A rufaffen ƙarfe in ya kama fashewa yake yi.

Yaushe ya kamata a fitar da ita daga gidan gaba ɗaya?

In wani a gidan ya shiga matsananciyar damuwa ko yana ambaton ya gaji da rayuwa. In akwai mai shaye-shaye. In rigimar aure ta kai ga duka ko barazana: bincike ya nuna macen da mijinta mai dukanta ke da bindiga, haɗarin ya kashe ta ya ninka kusan sau biyar. In tsufa ya fara taɓa tunanin mai ita, ko zai yi doguwar tafiya kamar aikin Hajji. A irin wannan hali a kai ta ajiya wurin 'yan sanda a karɓi takarda mai lambar bindigar, ba gidan aboki ba, don shi ba shi da lasisinta. Marar lafiyar kuma a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko sashen da ke Asibitin Malam Aminu Kano.

Ke matar gida, in ke kika fara ganin alamun, ki sanar da waliyyinki ko wani babba da maigidan ke jin nauyinsa, tun kafin abu ya yi nisa.

Mahaifinmu ya rasu ya bar bindiga. Ko kuma an sace tawa. Me za mu yi?

Lasisi ba ya shiga gado. Doka ta ba magada kwana 14 bayan rasuwa, daga nan riƙe ta laifi ne. Kada kowa ya gwada ta, a ɗauka tana da harsashi. Ku sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, ku nemi su zo su ɗauka ko su raka ku, ku karɓi shaida a rubuce. In ana son a lissafa ƙimarta a rabon gado, sai a yi ta hannun dillali mai rajista.

Sata ko ɓata ma kwana 14 doka ta bayar a sanar, amma a yi a ranar. Tun yau ka rubuta lambarta da ƙirarta ka ajiye daban da ita.

Zan iya tafiya da ita a mota, ko in harba sama a biki?

Mai lasisi in zai tafi farauta, ya sa ta a jaka ba harsashi, a but, harsashi daban, takardu a aljihu, ya kuma faɗa wa jami'in shingen bincike kafin a buɗe. Fita da ita wajen jiha abu ne da za a yi wa dogon tunani. A Maris 2025 wasu gungun mutane a Uromi ta jihar Edo suka kashe matafiya 16, mafarauta 'yan Kano da ke dawowa gida yin sallah, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Laifin na makasan ne, babu abin da zai halatta shi, amma ya nuna yadda ganin bindiga a hanya ke jefa rai cikin haɗari.

Harbi sama kuwa a bar shi. Abin da ya hau zai sauko, da ƙarfin da ya isa ya huda kai, kuma na raifil kan yi tafiyar kilomita uku ko fiye.

In ba bindiga ba, me zan kashe kuɗina a kai?

Ƙofar ƙarfe da aka dasa firam ɗinta cikin kankare, da sakata biyu ta ciki. Ƙarfen taga da aka gina cikin bango, tare da barin guda ɗaya mai buɗewa ta ciki saboda gobara. Fitila mai aiki da hasken rana a ƙofar gida da lungun baya: a wani gwaji a rukunin gidajen gwamnati na birnin New York a 2016, ƙarin haske kaɗai ya rage manyan laifukan dare a waje da kusan kashi 36 cikin 100. A cire tulin bulo da yashi da ke jikin katanga, su ne tsani. Kada a kwana da kuɗin ciniki a gida.

Sai abin da Kano ta riga ta iya: kuɗin sintiri na wata-wata ta hannun mai unguwa, usur a kowane gida, ƙofar lungu da ake rufewa bayan sha ɗaya, da rukunin WhatsApp na layi da lambar DPO a ciki. Wanda aka kama a miƙa shi ga hukuma, kada a ɗauki doka a hannu. Maigadi kuma kada a ba shi bindiga, dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana ma'aikatansu ɗaukar ta.

In tsautsayi ya faru an harbi wani, me za a fara yi?

Mutum ɗaya ya kawar da bindigar, wani ya kira 112 ko ya nemo mota. A danne raunin da tsumma mai tsabta da dukkan ƙarfi, in ya jiƙe a ɗora wani a kai ba tare da ɗaga na farko ba. In hannu ne ko ƙafa kuma jini na tsartuwa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi, a tazarar kamar santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a murɗa da sanda har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin, kada a kwance sai a asibiti. Kada a tono harsashi, kada a zuba toka ko gari, kada a ba shi ruwa ko abinci saboda tiyata.

A wuce kai tsaye sashen gaggawa na Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ya fi kusa. Kada a tsaya neman takardar 'yan sanda. Wata dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba nan take ba tare da takardar ko kuɗin ajiya ba, asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani.